Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya: Asalinta, Aikinta, da Harshen da Ta Yi Magana da Shi

A shekara ta 1955 waɗansu malamai suka taru a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, suka kafa wata ƙungiya wadda suka kira Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya. Kenneth Onwuka Dike, mutumin Awka, shi ne shugabanta na farko. H. F. C. Smith kuwa, Baturen nan da daga baya ya musulunta aka san shi da Abdullahi Smith, yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyinta tun ranar farko. Ƙungiyar ta cika shekara 70 a 2025, kuma an sha yabonta, yabon da yawancinsa ta cancanta. Abin da wannan takarda ta nufa shi ne a auna aikinta da ma'aunin da ba a faye auna shi da shi ba, watau ma'aunin malamin makaranta wanda almajiransa da Hausa suke tunani. In an yi haka za a ga Ƙungiyar ta ci babban yaƙi, amma ta ci shi ne a gaban alƙalan da ke Landan, da harshensu kuma, har ganimar ta daɗe ba ta iso gida ba.

Ba a gane darajar abin da aka yi a 1955 sai an tuna yadda ake koyar da tarihi kafin lokacin. A Lardunan Arewa yaron elementare yakan sami ɗan rabonsa na labarin ƙasarsa, gama Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, wanda aka juyo yawancinsa daga rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar nan. Amma da zarar yaro ya hau sama, sai labarin gida ya yi ta raguwa, na Ingila da daularta ya yi ta ƙaruwa. In ya kai Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 tana bin manhajar Jami'ar Landan, sai ya tarar Afirka ba ta shiga darasi sai ta ƙofar Turawan da suka zo cikinta, masu bincike da 'yan kasuwa da 'yan mishan da masu mulki. Ma'anar wannan tsari a fili take: labarin sarakunan Kano abu ne na yara, tarihi na gaskiya kuwa sai na ƙetare. Ba kuma ra'ayin jahilai ba ne kaɗai. Har a 1963 babban malamin tarihi na Oksfod, Hugh Trevor-Roper, ya faɗa a bainar jama'a cewa in an cire ayyukan Turawa, Afirka ba ta da abin da ya isa a koyar da sunan tarihi.

Dike ya fara ba da amsa tun kafin a kafa Ƙungiyar. Ya sami digirin dakta a Landan a 1950 da bincike a kan ciniki da siyasa a bakin kogin Kwara tsakanin 1830 da 1885, aka buga shi littafi a 1956. Abin da ya bambanta littafin da na gabaninsa shi ne ya ɗauki sarakunan Bonny da fatakenta a matsayin masu dabara da manufa, waɗanda Turawa suka yi ciniki da su bisa sharuɗɗansu shekaru da yawa. Sa'an nan daga 1951 ya bi ofisoshin gwamnati yana duba tsofaffin takardu, waɗanda gara da ruwan sama suke ci, ya rubuta rahoton da ya haifi ofishin adana takardun gwamnati a 1954. Wannan ofis shi ne ya zama Ma'ajiyar Takardu ta Ƙasa, mai rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. Duk ɗalibin da ya taɓa zama a reshen Kaduna yana juya rahoton wani Razdan na Lardin Zazzau ko na Sakkwato, to, yana cin gajiyar wahalar Dike ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Ƙungiyar ba ita ce ta farko a Afirka ta Yamma ba, don ta ƙasar Gwalkwas, watau Ghana ta yau, ta riga ta da 'yan shekaru. Amma ta Nijeriya ta zo a kan gaɓa. Mulkin kai yana ƙaratowa, an raba ƙasa jihohi uku, kowace tana da jam'iyyarta da abin alfaharinta, kuma ana bukatar wani labari da zai sa mutumin Katsina da mutumin Kalaba su ji akwai abin da ya haɗa su wanda ya girmi Lugga. Mujallar Ƙungiyar ta fara fitowa a watan Disamba na 1956. Tun daga farko ta kafa ƙa'idar da ta zama alamar malaman Ibadan, cewa takardun Turawa ba su ne kaɗai shaida ba. Ruwayar baka shaida ce, in an san yadda ake tace ta, haka abin da aka tono daga ƙasa, haka dangantakar harsuna, haka rubuce-rubucen Larabci. A yau wannan magana ta zama ruwan sha, har ɗalibin shekarar farko yana faɗinta ba tare da ya yi tunani ba. A lokacin kuwa sai da aka yi gardama a kanta.

Bai kamata a manta ba kuma cewa Ƙungiyar ba ta malaman jami'a ce kaɗai ba da farko. Ƙwararrun masana tarihi 'yan ƙasa ba su da yawa a 1955, saboda haka malaman sakandare, da ma'aikatan gwamnati, da masu sha'awar tarihin garuruwansu, duk sun sami wurin zama. Wannan shi ne ƙarfinta na asali, shi ne kuma abin da ya yi ta raguwa yayin da jami'o'i suka yawaita, rubutu a mujalla ya zama tsanin ƙarin girma.

Game da Arewa, maƙaloli biyu na Abdullahi Smith sun isa a nuna abin da Mujallar ta yi, kuma ya dace a dakata a kansu.

Ta farko ta fito a 1961, a kan jihadodin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, wanda ya ce fage ne da masana suka yi wa sakaci. Kafin wannan, abin da aka saba karantawa a littattafan Razdanoni shi ne jihadin 1804 yaƙin ƙabila ne, Fulani suka ƙwace mulki daga Haɓe suka fake da addini. Wannan fassara ta yi wa masu mulkin mallaka daɗi, domin in Fulani da ƙarfi suka karɓa, to, Turawa ma da ƙarfi suka karɓa daga gare su a 1903, ba wanda zai ce an yi masa zalunci. Smith, wanda ya yi koyarwa a Sudan kafin ya zo Ibadan, ya ce a koma ga abin da mutanen suka rubuta da hannunsu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai masu yawan gaske a kan fiƙihu da mulki da haraji da hakkin talaka, kuma wanda bai karanta su ba ba shi da bakin faɗin dalilin jihadin. Ya kuma nuna cewa abin da ya faru a ƙasar Hausa da abin da Seku Ahmadu ya yi a Masina da na Alhaji Umaru Futi sarƙa ɗaya ce ta ilmi da tunani. Daga wannan maƙala hanya ta buɗe. Smith ya koma Zariya a 1962 ya kafa Sashen Tarihi a sabuwar Jami'ar Ahmadu Bello. A 1964 aka soma Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda ya bi gidajen malamai yana ɗaukar hoton littattafai, aka kuma kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Ibadan. Littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, na R. A. Adeleye a kan mulki da huldar sarakunan Arewa daga 1804 zuwa 1906 ya biyo baya a 1971. A 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna, a tsohon gidan Sardauna. Kalmar nan ma ta "daular halifanci", wadda kowa yake amfani da ita yanzu maimakon "daular Fulani", daga wannan aiki ta samu gindin zama.

Ta biyu ta fito a 1970, a kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa. A nan Smith ya taɓa abin da ya fi kusa da zuciyar kowane malamin firamare, watau labarin Bayajidda. Bai ce a jefar da labarin ba. Abin da ya ce shi ne labarin baƙon da ya zo daga gabas ya kashe macijiya ya auri sarauniya ba zai iya bayyana yadda sarauta ta tsiro ba, kuma Turawa irin su Palmer sun ƙaunace shi ne don ya dace da zatonsu na cewa duk wani tsarin mulki a ƙasar baƙar fata wani farin baƙo ne ya kawo shi. A maimakon haka ya bi matakan da kowane Bahaushe ya san sunayensu: gida, da ƙauye, da gari, da birni, da ƙasa. Ya tambayi abin da ke jawo mutane dabam dabam su taru wuri guda, ƙasar noma ce, ko tama, ko hanyar fatake, ko dutsen da ake tsafi a kansa irin Dala da Kufena, da kuma yadda ganuwa ke mai da taron baƙi jama'a ɗaya, har ikon mai gida ya koma ikon sarki da masu sarauta. Ana iya yi wa maƙalar gyara, an kuwa yi. Amma ita ce ta fara mai da asalin Hausawa tambaya da ake bincike, bayan ya daɗe yana tatsuniyar da ake haddacewa. Almajirinsa Yusufu Bala Usman ya ɗora a kanta cikin littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981, inda ya ƙi yarda a bayyana tarihin da rigimar ƙabilu.

To, a nan ne sukar ta taso. Maƙalar da ginshiƙanta kalmomin Hausa ne, gida da gari da birni, da Turanci aka rubuta ta, Turanci mai nauyi kuwa, a mujallar da sai a ɗakin karatun jami'a ake samunta. Mutanen da ake magana a kan kakanninsu, in ban da 'yan kaɗan, ba su san an yi ta ba.

Ba a ce Ƙungiyar ta manta da makarantu ba. A 1965 ta fara fitar da wata ƙaramar mujalla domin malamai da ɗaliban manyan azuzuwa, mai sauƙin lafazi, wadda sau da yawa kowace fitowa takan ɗauki jigo guda, kamar mulkin Turawa ta hannun sarakuna. An sa mata suna Tarikh, kalmar Larabci wadda Hausa ta ara ta ce tarihi. Sunan ne kaɗai ba na Turanci ba. A 1980 kuma ta fitar da babban littafinta, Groundwork of Nigerian History, wanda Obaro Ikime ya tsara, masana da yawa suka rubuta babi-babi, da nufin ya zama harsashin da za a gina littattafan makaranta a kai. Aiki ne mai daraja, har yanzu ana komawa gare shi. Shi ma da Turanci yake.

Akwai uzuri, kuma adalci ne a kawo shi da ƙarfinsa. Ƙungiya ce ta ƙasa baki ɗaya, a ƙasar da harsunanta suka haura 400. Da ta ɗauki Hausa, da Bayarabe da Ibo da Tibi sun ce ba tasu ba ce, ko a Arewa ma ba kowa ne zai yi murna ba. Ban da haka, abokan gardamar da ake so a kayar a ƙetare suke, kuma ba a kayar da mutum da hujjar da ba ya iya karantawa. Wannan uzuri ya isa ga Mujallar. Amma bai isa ga fassara ba. A daidai wannan zamani Hausa tana ɗaya daga cikin harsuna biyu da ake magana da su a Majalisar Jihar Arewa. Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa tun 1939, Kamfanin Gaskiya yana da injinan ɗab'i a Zariya tun 1945, Hukumar NORLA tana buga littattafai da yawa a shekarun 1950 domin waɗanda suka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci, an kuma kafa Hukumar Hausa a 1955, shekara ɗaya da Ƙungiyar, don daidaita rubutu da kalmomi. Injin yana nan, masu karatu suna nan, masu fassara suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ganin cewa isar da sakamakon bincike ga mai karatun Hausa wani yanki ne na binciken kansa.

Wannan ya jawo wani abu da ya fi shi zurfi, watau matsayin da aka ba marubutan tarihi na gida. Ƙasar nan ba ta jira 1955 ba kafin ta sami masu rubuta tarihinta. Samuel Johnson ya rubuta tarihin Yarabawa, aka buga a 1921. Jacob Egharevba ya rubuta na Bini, Akiga Sai ya rubuta na Tibi. A Arewa al'adar ta fi haka tsufa. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, ga kuma tarihin sarakunan Kano wanda Palmer ya fassara a 1908. A zamanin Ƙungiyar kanta Wazirin Sakkwato Junaidu ya fitar da Tarihin Fulani da Hausa, Alhaji Abubakar Dokaji ya fitar da Kano ta Dabo Cigari a 1958. Malaman jami'a sun girmama waɗannan mutane, sun ci moriyarsu ƙwarai. Last ya yi yawancin aikinsa ne a cikin littattafan Waziri Junaidu, bai kuwa ɓoye ba. Amma a tsarin da aka gada daga Landan irin waɗannan littattafai rijiya ce da ƙwararre yake ɗiban ruwa, marubutansu ba abokan sana'a ba ne da za a yi muhawara da su a kan hanyar aiki.

Wanda ya karanta Infaƙul Maisuri da natsuwa zai ga wannan rabo bai yi daidai ba. Bello yakan faɗi wanda ya ba shi labari. Da ya zo kan saɓanin da ke tsakanin jama'ar Shehu da Borno, sai ya kawo wasiƙun Shehu Laminu Alkanemi, waɗanda suke tuhumar jihadin da kakkausan lafazi, sa'an nan ya kawo amsarsu, har mai karatu na yau yana iya auna hujjojin biyu ya ga inda ta Borno ta fi nauyi. Lalle Bello yana da ɓangare, yana kare gidansu ne. Amma Razdan ma yana da ɓangare, Dike ma yana da shi. Mutumin da ya ambaci majiyarsa, ya kuma ajiye maganar abokin gabarsa ba tare da ya shafe ta ba, ya san sana'ar tarihi. Ilmin isnadi da malaman hadisi suke koyarwa a zaure, na bin ruwaya daga baki zuwa baki a ga wanda ake amince wa, da an ɗauke shi da muhimmanci da ya taimaka wajen tace labarun baka, abin da malaman Ibadan suka sha wahala suna neman ƙa'idarsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Waziri Junaidu digirin girmamawa, shi kuwa ya yi amfani da wannan dama ya tambayi amfanin jami'ar da ta yanke daga al'ummar da take zaune a cikinta. Taron da aka yi a Sakkwato a 1975 a kan tarihin Daular, wanda Bala Usman ya tsara takardunsa suka fito a 1979, ya ɗan rage wannan tazara, amma Zariya ce ta yi shi.

Suka irin wannan ta fito daga cikin gida ma, ko da yake ta wata fuska. Tun a 1969 E. A. Ayandele ya tambayi ko tarihin da ake rubutawa na Nijeriya ne da gaske, tun da ya fi kula da mu'amala da Turawa da 'yan boko. Malaman Zariya kuma suka ce tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe ya yi yawa, na manomi da maƙeri da bawa ya yi kaɗan. Ana iya ƙarawa da na mata, gama Nana Asma'u ba ta sami littafi nata na kanta da Turanci ba sai a 1989, daga hannun Jean Boyd.

Sauran labarin gajere ne. Rikicin 1966 ya fitar da Dike daga Ibadan, yaƙin basasa ya raba masana. Bayan yaƙi jami'o'i suka yawaita, sassan tarihi suka cika. Sa'an nan tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi daga 1986, takarda ta yi tsada, manyan malamai da yawa suka tafi ƙetare. Tarikh ta daina fitowa, Mujallar ma fitowarta ta yi ta tsinkewa. Dike ya rasu a 1983, Smith a 1984. A makarantu kuwa darasin zamantakewa ya yi ta cin wurin tarihi tun daga shekarun 1970, har a wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa. Ƙungiyar ta yi tsayin daka a kan wannan, shekara da shekaru tana kai ƙara ga gwamnati, kuma tana da babban rabo cikin nasarar da aka samu, wadda Gwamnatin Tarayya ta yi bikinta a 2022 da mayar da tarihi cikin manhaja. Amma abin lura shi ne yadda aka cire shi tun farko ba tare da iyayen yara sun tayar da ƙura ba. Da tarihin da masana suka gano ya shiga gidaje da harshen da ake hira da shi bayan sallar isha'i, da cire shi bai zo da sauƙi haka ba. Jama'a ba su rasa sha'awar tarihi ba, don ga maroƙa da mawaƙan fada da masu shirye-shiryen rediyo suna ba da shi kullum, ana kuwa saurare. Wanda aka cire daga makaranta tarihin jarrabawa ne, kuma mutane kaɗan ne suka ji an raba su da wani abu nasu.

Yanzu da darasin ya dawo, nauyin ya faɗa kan kwalejojin horon malamai, su ne za su fitar da wanda zai tsaya gaban yara a Gumel ko Yawuri ya bayyana asalin garinsu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, kuma ko ba doka, abin da malamin ƙauye yake yi ke nan in yana so a fahimce shi. Irin wannan malami, in ya zo kan kafuwar Hausa Bakwai, abin da ya fi saurin zuwa hannunsa shi ne labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, kamar yadda aka koya wa kakansa a 1935. Maƙalar Smith wadda za ta ba shi abin ɗorawa a kai ba ta kai shafi 20 ba. Tana cikin kundi na 5 na Mujallar Ƙungiyar, an kuma sake buga ta a Zariya a 1987 cikin tarin rubuce-rubucensa, duka biyun da Turanci.